Sabon babur ɗina yana turo baƙin mai cikin akwatin matatar iska

Abu Hafsat, Anguwar Rogo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar kanikawa da duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan matsala, domin ba na so in yanke hukunci cikin gaggawa a kan abin da ba ni da iliminsa. Na sayi sabon babur roba-roba, irin wanda ba a sa masa giya, mai inji 150cc, kuma a gabana aka fasa kwalinsa aka haɗa shi a shagon wani dila a nan Jos. A ƙasan injin ta gefen hagu an buga wata lamba da ta fara da 157QMJ. Yanzu mitarsa tana nuna kilomita 640, kuma an yi masa juyen baƙin mai na farko yana kilomita 300 a garejin unguwarmu.

Tun bayan juyen nan nake ganin baƙin mai yana ɗiga daga ƙasan akwatin matatar iska, yana gangarowa kan murfin bel har ya haɗu da ƙura ya yi dabbare-dabbare. Da na kwance akwatin sai na tarar da mai kwance a gindinsa wanda zai kai cokali uku ko huɗu, takardar matatar kuma ta jiƙe ta gefe guda ta yi baƙi ƙirin. Na bi sawun man, na ga ashe daga wani siririn tiyo yake fitowa, wanda ya taso daga murfin kan injin ya shiga akwatin. Da na zare tiyon na tayar da babur ɗin, sai ga iska tana bugowa daga bakinsa da ɗan feshin mai, idan na murɗa totur kuma sai ta ƙaru. Ban da wannan, da safe salansa takan yi hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na 'yan mintoci, fulogi ya yi baƙi, shan fetur ya ƙaru, kuma idan na ɗauki mutum a baya ina jin yana nishi a hawan tudu fiye da yadda yake yi a makon farko.

Yadda nake amfani da shi kuwa, daga gida zuwa wurin aikina ne a kusa da Terminus, tafiyar da ba ta da wani nisa. Saboda sanyin da ake yi a 'yan kwanakin nan, nakan bar shi a silo na kusan kwata na awa kafin in fita, kuma ban taɓa wuce gudun kilomita 40 a awa ba, domin yaron shagon ya ja kunnena cewa sabon inji ba a matsa masa.

Bakaniken da ya yi mini juyen ya ce ringi ne ya mutu, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da fistin, in kawo kuɗin fistin da ringi da fakin (shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗin sassan inji) ya buɗe injin. Wani kuma ya ce in zuba mai mai kauri sosai, in ɗaure bakin tiyon da waya, shi ke nan magana ta ƙare. Tambayata ita ce, shin ringin sabon inji yana iya mutuwa a kilomita 640? In kuwa ba haka ba ne, daga ina ya kamata in fara bincike kafin a taɓa noti ko ɗaya?

Ɗan Dilimi

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Kada ka yarda a buɗe injin nan tukuna, kuma kada ka ɗaure tiyon nan ko da na yini guda ne. Wannan tiyo shi ne hanyar numfashin injin, kuma idan aka toshe shi, iskar da ke ciki za ta nemi wata ƙofa da ƙarfin tsiya, ta turo sil, wato robar da ke tare mai a bakin kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa), ko ta fasa fakin, sai ka wayi gari mai yana zuba a cikin murfin bel ko a gefen kwayil, inda gyaran ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne cewa matsalar ta soma ne bayan juye. Injin da ke jikin babur ɗinka shi ne wanda ake kira GY6, wanda kamfanoni da yawa a ƙasar Sin suke ƙerawa da sunaye daban-daban, kuma man da yake ɗauka a juye bai cika wuce lita 0.75 zuwa 0.8 ba. Robar baƙin mai kuwa lita guda cur ake sayar da ita. Yawancin yaranmu a gareji sun saba da baburan haya masu giya, waɗanda ke shanye kusan lita ɗaya, saboda haka da sun fasa roba sai su juye ta duka, su ma suna ganin sun kyautata wa mai babur tunda ba su rage masa komai ba. Idan kuma ba a jira tsohon man ya gama tsiyayewa ba, abin da ke cikin injin yana iya haura lita. To, da mai ya yi yawa, kiranshaf yana juyawa zai riƙa dukansa yana kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa nono da maburgi, ya zama kumfa da feshi, iskar numfashin nan ta kwashe shi ta kai maka cikin akwatin matata. Daga can kafireta ta zuƙe shi, injin ya ƙone shi, sai ka ga hayaƙi a salansa da baƙin fulogi. Duk alamomin da ka lissafa wannan kaɗai ya isa ya kawo su.

Ga yadda za ka duba da kanka. Ka ɗora babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri shimfiɗaɗɗe, ba a ƙaramar ƙafar gefe ba, domin idan ya karkata gejin, wato sandar auna mai, zai yi maka ƙarya. Ka tayar da shi na minti biyu zuwa uku, ka kashe, ka jira wasu mintocin mai ya koma ƙasa. Sannan ka zaro gejin ka goge shi da tsumma, ka mayar da shi ya zauna a bakin ramin kawai ba tare da ka murɗa shi ciki ba, ka sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya a cikin wurin nan mai zane-zane a ƙarshen gejin. Idan ya haura zanen ya hau sandar, to ya yi yawa.

Kafin ka goge gejin a karo na biyu, ka kai shi hancinka ka sunsuna, ka kuma ɗiga man tsakanin yatsunka biyu ka murza. Idan ka ji warin fetur, ko ka ji ya tsinke kamar kananzir, to akwai matsala ta biyu, wato fetur yana sulalewa cikin injin idan babur yana ajiye. Irin waɗannan babura ba su da famfon fetur na hannu da ake rufewa da dare. Nasu famfon iskar injin ce ke buɗe shi ta wani ƙaramin tiyo, kuma idan 'yar robar da ke cikinsa ta huje, fetur yakan bi wannan tiyon ya shiga maƙogwaron injin kai tsaye. Ka zare ƙaramin tiyon daga inda ya shiga tsakanin kafireta da kan injin. Ya kamata ka same shi a bushe ƙayau, in kuwa ka ga danshin fetur a cikinsa, ka kama ɓarawon. Ka kuma zare babban tiyon fetur daga kafireta injin yana kashe, domin bayan ɗigo kaɗan ya kamata ya tsaya cak.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa da shi shi ne man giyar baya, wanda shi ma yana da nasa siririn tiyon numfashi a wajen, kuma abin da yake ɗauka bai wuce mililita 110 zuwa 120 ba. Idan aka cika shi, yakan turo mai a daidai wurin da kake ganin dabbare-dabbaren. Amma tunda ka ce ka bi tiyon har murfin kan injin, ina kyautata zaton ba shi ba ne.

Baba Injiniya, Bukuru

Sannunku da ƙoƙari. Ina goyon bayan duk abin da Ɗan Dilimi ya faɗa, kuma a wurin da ya ce a fara, nan ne ya kamata a fara. Zan ƙara bayani ne a kan iskar da ɗana Abu Hafsat ya ji tana bugowa daga tiyo, domin na lura ita ce ta fi firgita shi, alhali ita kaɗai ba ta tabbatar da komai.

Injin nan silinda ɗaya gare shi. Duk lokacin da fistin ya sauko ƙasa, yana matse iskar da ke ƙarƙashinsa daidai da girman injin, wato kusan 150cc, idan ya koma sama kuma ya sake zuƙo ta. A gudun da injin ke juyawa sau 6,000 a minti, wannan turawa da zuƙowa na faruwa sau 100 a daƙiƙa guda. Saboda haka ko injin da ba shi da aibu ko kaɗan, idan ka zare tiyonsa za ka ji yana buga maka iska a tafin hannu, kuma ɗan danshin mai a cikin akwatin matata abu ne da masu ƙera shi suka san da shi, shi ya sa ma suka sa wani ɗan gajeren tiyo mai toshe a ƙasan akwatin domin a riƙa zubar da abin da ya taru. Abin da ake tsoro dabam ne. Shi ne hayaƙin ƙonewar fetur da ke zillewa ta tsakanin ringi da bangon silinda ya faɗa cikin ɗakin mai. Alamarsa ita ce iskar ba ta shiga da fita, fita kawai take yi ba ƙaƙƙautawa, da zafi, da ƙaurin salansa, wani lokaci har ana ganin hayaƙinta da ido.

Shi ma wannan zillewar, a sabon inji ana samun ta fiye da ƙima na ɗan lokaci, domin ringi bai gama zama ba. Idan ka leƙa cikin sabuwar silinda za ka ga wasu siraran zane-zane masu gilma juna, waɗanda da gangan aka yi su, domin su riƙe mai kuma su goge fuskar ringi har ta dace da bangon sosai. Abin da ke danna ringi a jikin bango kuwa ba taurin ƙarfensa kaɗai ba ne, yawanci matsin ƙonewar fetur ne da ke shiga bayansa ya tura shi waje. A nan ne shawarar yaron shagon ta gaza. Gaskiya ne ba a kai sabon inji ƙarshen totur a riƙe shi a can, amma barinsa a silo kwata na awa kullum, da tafiya a gudu ɗaya tilo marar nauyi, ba sa ba ringi matsin da zai zauna. Idan aka daɗe a haka, ƙonannen mai yakan cike zane-zanen nan bangon ya yi sulɓi, daga nan kuma zaman ringi ya yi wuya. A kilomita 640 ba na jin an makara. Minti ɗaya zuwa biyu sun isa ɗumama inji da safe, sauran ɗumin a kan hanya zai same shi idan aka tafi a hankali. Bayan ya yi zafi, a riƙa murɗa totur zuwa rabi ko kashi uku cikin huɗu na 'yan daƙiƙoƙi, a sake shi ya rage gudu da kansa, a sake murɗawa. Hanyar Bauchi, daga Naraguta zuwa wajen Babale, ta dace da wannan aiki fiye da cunkoson cikin gari.

Kada kuma mu manta da inda muke zaune. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma nauyin iskarmu ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin 100. Kafiretar da aka saita don ƙasa-ƙasa, idan ta hau nan, fetur ɗin da take bayarwa yakan fi iskar da ake samu yawa, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin bangon silinda ya gangara ƙasa. Ga shi kuma cok ɗin waɗannan babura, wato abin da ke ƙara wa inji fetur yana sanyi, da kansa yake aiki: injin yana sanyi a buɗe yake, sai wuta ta ɗumama shi na 'yan mintoci sannan allurarsa ta sauko ta rufe. Idan wayarsa ta saki ko ya lalace, a buɗe zai zauna duk yini, mai babur bai sani ba, sai dai ya ga fulogi baƙi da tanki yana ƙarewa da wuri. Ƙari a kan haka, gajeriyar tafiya a sanyin hunturu ba ta barin mai ya yi zafin da zai kori fetur da raɓar da suka shiga cikinsa, shi ya sa wasu ke ganin wani farin kumfa mai kauri a bakin tiyo ko a jikin geji su ɗauka ruwa ya shiga injin.

Idan an gyara ma'aunin mai abin bai lafa ba, to a auna ƙarfin matsin silinda da agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi, injin yana da ɗumi, batir a cike, totur a buɗe har ƙarshe. Kafin awon a tabbatar an saita bawul injin yana sanyi, wajen milimita 0.08 zuwa 0.10 ko abin da littafin ya ce, domin bawul ɗin da ya matse yana rage awon a ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba. Bayan awon farko a ɗiga mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Amma a kula, cokalin shayi guda da ake faɗa na injin mota ne. Ɗakin ƙonewar wannan inji wajen 18cc ne kawai, saboda haka mililita biyar ta mai, wato cokalin shayin nan, za ta cinye fiye da kwatansa, awon ya yi tsalle ko da ringin lafiya lau yake. Mililita biyu da sirinji ta wadatar.

Ummu Sadik, Rikkos

Ni ba bakanikiya ba ce, amma ina hawa irin wannan babur zuwa makarantar da nake koyarwa, kuma ina ganin akwai ɓangaren da ba a taɓo sosai ba. Malam, babur ɗin nan sabo ne, kuma da kuɗinka ka saye shi. Kafin kowa ya kwance wani abu da ya wuce tiyo da geji, ka ɗauki hoton man da ke cikin akwatin, da na matatar, da na mitar da ke nuna kilomita, ka je shagon da rasit ɗinka ka sanar da maigidan da kansa, ba yaransa ba, a gaban wani dattijo da kuke ganin girmansa ku biyun. Ko bai yi maka komai ba a ranar, an dai shaida cewa ka kai ƙorafi tun injin yana rufe. Da zarar bakaniken waje ya buɗe kan injin, magana ta ƙare, za a ce hannunsa ne ya ɓata shi, kuma ba ka da bakin musu. Ina kuma roƙon masana su gaya mana gaskiya game da mai mai kauri, domin ni ma kullum shi ake tallata mini, ana cewa shi ne ke sa inji ya yi shiru.

Abu Hafsat, Anguwar Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Hajiya Ummu Sadik na fara zuwa shagon tare da wani kawuna, maigidan ya duba hotunan, ya ce a yi binciken a garejin da ke kusa da shi, kuma ya yarda cewa idan ta kai ga buɗe inji, a gabansa za a buɗe.

Ga abin da aka samu. Da aka duba geji yadda Oga Ɗan Dilimi ya kwatanta, man ya haura zanen da kusan faɗin yatsa guda, kuma warin fetur a jikinsa ba ya ɓuya. Mun tsiyaye shi a cikin tsohuwar robar lita ɗaya, ta cika har baki, aka tari ragowar a wani gwangwani, kuma yana zuba shar kamar ruwa. Ƙaramin tiyon famfon fetur da aka zare, fetur ne ya ɗigo daga cikinsa, saboda haka maigidan ya ba da sabon famfo aka sa ba tare da na biya ba. An gwada cok ɗin da batir, allurarsa ta fito bayan 'yan mintoci, aka ce lafiyarsa ƙalau. Bawul na fitar da hayaƙi, wato na gefen salansa, an same shi a matse har ma'aunin ya ƙi shiga, aka saita duka biyun a 0.10. An zuba sabon mai 15W-40 da ma'auni har ya tsaya a tsakiyar zanen, robar kuma ta yi saura.

Awon matsi ya nuna 135 a agogon, a ma'aunin matsi na psi, da aka ɗiga mililita biyu ta mai kuma ya hau zuwa 148. Bakaniken wurin ya ɗan yamutsa fuska, ya ce shi ya saba jin ana cewa sabon inji irin wannan yana kaiwa 160 ko sama. Na wanke akwatin, na yi tafiyar da Baba Injiniya ya kwatanta a hanyar Bauchi, da na dawo na buɗe sai na ga ɗan danshi ne kawai a bakin tiyon, wanda yatsa ɗaya ya share shi. Hayaƙin safe ya ragu sosai amma bai ɗauke gaba ɗaya ba. Shin 135 ɗin nan abin damuwa ne, kuma wannan ragowar hayaƙin daga ina yake?

Baba Injiniya, Bukuru

Madalla. Awon 135 a Jos ba abin tayar da hankali ba ne. Agogon yana auna iskar da silinda ta zuƙa ta matse ne, kuma tunda iskar tamu ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100, injin da ya nuna 135 a nan zai nuna wajen 155 a Legas ba tare da an taɓa komai a jikinsa ba. Lambobin da bakaniken ya saba ji, na ƙasa-ƙasa ne. Tazarar 13 da aka samu bayan ɗiga mai ita ma ƙarama ce, kuma wani ɓangarenta gurbin da man ya cike ne ya kawo shi. Da ringi ya karye ko an sa shi ba daidai ba, da awon farko zai faɗi kusa da 100 ko ƙasa da haka, na biyu kuma ya yi tsalle mai yawa. Ka rubuta waɗannan lambobi a bayan littafin babur ɗin tare da kilomitar da aka auna su, a sake aunawa da wannan agogon dai a wajen kilomita 1,500. Idan ringi yana zama yadda ya kamata, awon zai tsaya inda yake ko ya ɗan hau.

Idan kuwa a lokacin awon ya sauka, ko mai ya koma taruwa cokali-cokali alhali gejin yana daidai kuma babu warin fetur, to sannan ne buɗe injin ya zama dole, a gaban dilan kamar yadda kuka yi alkawari. Abubuwan da za a duba ba su da yawa: ko bakunan ringin sun jeru a layi ɗaya maimakon a rarraba su kewaye da fistin, ko an kifa na biyu alhali harafin da ke jikinsa sama ya kamata ya kalla, ko bakin ringi ya buɗe fiye da rabin milimita idan aka sa shi cikin silinda aka auna, ko bangon ya yi sulɓi ko ya sami karce na tsaye. A kuma leƙa bayan murfin kan injin, domin akwai wani ɗan faranti na ƙarfe da ke tare feshin mai kafin ya kai bakin tiyo, kuma idan ya saki ko babu shi, mai zai riƙa wucewa ko da sauran injin lafiya yake.

Ɗan Dilimi

Ragowar hayaƙin nan, Malam, man da ya riga ya shiga salansa ne da maƙogwaron kafireta yake ƙonewa a hankali, kuma tafiya mai ɗan nisa sau biyu ko uku za ta cinye shi. Sai dai ban ji ka ce an sauya matatar iska ba. Takardar da ta sha mai ba ta wankuwa, ko an busa mata iska ramukanta a toshe suke, kuma muddin tana ciki injin zai riƙa shan fetur fiye da ƙima, a koma gidan jiya. Ka sa sabuwa, ka tabbatar robar bakin akwatin ta zauna daram, domin ƙurar hunturu idan ta sami ƙofa ita ce ke cinye ringi da gaske. Fulogin ma a goge shi ko a sauya, sannan bayan tafiya mai nisa ka zaro shi ka duba. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, kafireta daidai take, in kuma har yanzu baƙi ne mai gari-gari a bushe, a rage mata fetur kaɗan ta sukurun saiti, ko a sa jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da fetur ke bi a cikin kafireta, wanda ya fi wannan ƙanƙanta da mataki ɗaya, saboda tudun da Baba ya yi bayani.

Man da aka zuba yanzu kada ka bar shi ya daɗe. Juye ɗaya ba ya fitar da duk gurɓataccen man da ya maƙale a lungunan inji, ga kuma garin ƙarfen da sabon inji ke saki, alhali wannan inji ba shi da matatar mai ta takarda, 'yar raga ce kawai a ƙarƙashin wani murfi mai sifirin a gindinsa. Bayan kilomita 200 zuwa 300 a sake juyewa, a ciro ragar a wanke ta da fetur, kuma ka tsaya a wurin ka ga abin da aka zuba da idonka.

Game da tambayar Hajiya Ummu Sadik, mai mai kauri irin 20W-50 yana da wurinsa, a tsohon injin da ya saki ko a garuruwa masu zafin gaske, kuma gaskiya ne yana rage ƙara. Amma a sabon inji, da sanyin asubar Jos, yana jinkirin isa kan injin inda bawul suke, kuma ba ya gyara ringi, ɓoye alamar kawai yake yi na ɗan lokaci. Ki duba littafin babur ɗinki, galibinsu 10W-40 ko 15W-40 suke rubutawa. Tunda kulocin irin waɗannan babura a bushe yake a cikin murfin bel, ba ya wanka a cikin baƙin mai kamar na babura masu giya, ba dole ne sai man da aka rubuta wa babur ba, muddin lambar ta dace kuma robar a rufe take da hatiminta lokacin da aka fasa ta a gabanki.